Ranar da Bara'u Ya Manta Turanci

Bara'u: Yaya Zinatu! Wallahi tallahi, ko Alƙur'ani na dafa miki ba za ki yarda da abin da na yi yau ba.

Zinatu: Wa'alaikumus salam.

Bara'u: Au, tuba nake. Salamu alaikum. Ina wuni, Yaya?

Zinatu: Lafiya ƙalau, Bara'u. Ashe dai kana tuna yadda ake yi.

Bara'u: Ya gida? Ya Birmingham?

Zinatu: Alhamdulillahi. Ya Manchester, ya ruwan samanku?

Bara'u: Yana nan, bai gaji ba. Ya Abban Marwa? Ya bayan nasa?

Zinatu: Da sauƙi. Likitansa, GP, ya ce ya rage zaman mota, ya ce to, ya shiga mota ya tafi aiki.

Bara'u: Allah ya ƙara sauƙi. Marwa fa, ya jarrabawa?

Zinatu: Saura mata biyu ta gama. Ya matarka Shifa? Ya surukinka Dakta Yusha'u?

Bara'u: Kowa lafiya. To Yaya, yau fa...

Zinatu: Ka kira Umma kuwa? Shekaranjiya take ce min sati uku ba ta ji muryarka ba.

Bara'u: Zan kira ta, da labari mai daɗi ma. Ki bari in...

Zinatu: Dakata. No, not that one, the shoulder. Small pieces, please. Ina jin ka. Ina wajen mahauci ne a Stratford Road.

Bara'u: Kin ce wajen wa?

Zinatu: Mahauci! Layinka ne ke yankewa. Kana ina haka iska ke bugun wayar?

Bara'u: Salford. Ina tsaye a ƙofar ofishinsu, ɗazu na fito.

Zinatu: Ofishin su wa?

Bara'u: Haba Yaya. Home Office mana, masu shige da fice. Yau ne interview ɗinmu.

Zinatu: Au, na zaman dindindin ɗin? Na ɗauka sai sati mai zuwa. Ni fa har yau ban gane dalilin kiranku ba. Lokacin da na nemi nawa, takardu kawai na tura, babu wanda ya ce in zo.

Bara'u: Ai saboda wata shidan nan ne da Shifa ta yi tana aikin kemis a Leeds. Wasiƙunta suka riƙa zuwa can, nawa suna zuwa flat ɗinmu na Cheetham Hill. To tunda a kan bizar aure nake, ita ce ta tsaya min, sai suka ce suna so su tabbatar auren gaske ne, gida ɗaya muke. Kowa a shigar da shi shi kaɗai, a yi masa tambayoyi, a haɗa amsa a gani.

Zinatu: To ai babu abin wahala. Shekara biyar kuna tare. Ka faɗi gaskiya ka fito.

Bara'u: Gaskiya ai kowa ma ya iya faɗa. Ni dabara na yi.

Zinatu: Uhm.

Bara'u: Kin tuna zamana a kasuwar Kwari, shagon Alhaji Junaidu?

Zinatu: Na tuna ka bar makaranta saura shekara ɗaya ka gama, ka gudu can. Umma ta yi wata guda ba ta yi maka magana ba.

Bara'u: Ki bar wannan. Abin da na koya a shagon nan babu jami'ar da ke koyar da shi. Alhaji Junaidu fa yana jin Turanci tsaf, BBC yake saurara da na Turanci ma. Amma duk ranar da Indiyawa ko 'yan China suka zo da samfurin atamfa, sai ya zauna ya saki baki kamar yau aka kawo shi daga ruga. Sai an nemo mai fassara. Su kuma sai su saki jiki, su riƙa shawara a gabansa, yana jin komai. Kafin mai fassara ya gama, shi ya riga ya shirya amsa. Ya ce min, Bara'u, kada ka taɓa nuna wa baƙo kana jin yarensa.

Zinatu: Allah ya ji ƙansa. Me ya haɗa Alhaji Junaidu da Salford?

Bara'u: Yawwa. Da suka turo email ɗin appointment, akwai wani ɗan akwati a ƙasa, wai kana buƙatar tafinta? Na danna e. Wane yare? Na rubuta Hausa.

Zinatu: Kai?

Bara'u: Ni.

Zinatu: Kai da kake zagin direbobin lori da Turancin Manchester a warehouse, siton da kake aiki?

Bara'u: Ai nan daɗin yake! Ki duba fa. Za ta yi tambaya da Turanci, na ji. Sai tafinta ya maimaita da Hausa, na sake ji. Tsakanin nan na auna, na juya, na ga inda tarkon yake. Kowa ana ba shi daƙiƙa biyu ya yi tunani, ni na sama wa kaina goma. Ga shi kuma in suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, kunnena na nan.

Zinatu: Shifa ta sani?

Bara'u: Ina! Ai da ta hana. Kin san ta da bin layi kamar jirgin tram. So nake sai takarda ta fito, in ba ta labari a gaban Dakta, kowa ya sha dariya.

Zinatu: Ci gaba.

Bara'u: Ni aka fara kira. Aka karɓe wayoyinmu aka kulle a loka, aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, tebur ɗaya, kujera uku. Ga wata Baturiya, ba ta wuce sa'ar Shifa ba, sunanta Chloe, da laptop da na'urar ɗaukar magana. Gefenta wani dattijo mai furfura, da jaka a cinya. Shi ne tafintan. Malam Gamaliel, mutumin Pankshin, ya ce shekararsa ashirin da biyu a Bolton.

Zinatu: Mutumin ina?

Bara'u: Pankshin! Filato! Hello?

Zinatu: Na ji. Bas ce ta wuce.

Bara'u: Ta ce, good morning, take a seat. Yaya, na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Ta nuna kujera da hannu, na kalli hannun, na kalli silin. Sai da Malam Gamaliel ya ce, zauna ɗana, sannan na ce, au, na gode Baba.

Zinatu: Ko kurma ai ya gane nunin kujera.

Bara'u: Ai in za ka yi abu ka yi shi da kyau. Ta ce, would you like some water? Ƙishirwa kamar ta kashe ni, amma na daure sai da aka fassara.

Zinatu: Half a kilo more, yes. And the liver. Ina ji.

Bara'u: Sai tambayoyi. A ina kuka haɗu? Na ce a walimar sunan jikar wani likita a Birmingham, yayata ce ta haɗa mu. Kin ga har sunanki ya shiga na'ura.

Zinatu: Na gode da wannan alheri.

Bara'u: Wane gefen gado take kwana? Gefen taga. Wa ke fitar da shara? Ni, ranar Talata. Me ta ci da safe? Duk na sani. Yaushe kuka yi faɗa na ƙarshe? Na ce daren Lahadi, a kan na bar tukunya a cikin sink. Ko ɗaya ban kuskure ba, Yaya. Har na fara jin tausayinsu, sai na ce bari in ɗan motsa Malam Gamaliel. Ta ce wane launi ne labulen ɗakinku. Na ce ruwan makuba ne mai sirkin kunkumadi.

Zinatu: Mene ne kunkumadi?

Bara'u: Oho, ni ma ban tabbatar ba. Dattijon nan ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce mata, brown.

Zinatu: Ka sa dattijo a gaba kana wasa da abincinsa.

Bara'u: Shi ma ya ji daɗi, ya daɗe bai ji Hausar cikin ganuwa ba. To saurara, ga inda ta so ta kama ni. Tana cikin rubutu, ba ta ɗago ba, ba ta kalli tafinta ba, sai ta ce a hankali, your scarf's on the floor. Wai mayafin wuyana ya faɗi. Tarko! So take in leƙa ƙasa ta gane ina ji. Ko ƙifta ido ban yi ba. Har taka shi na yi da takalmi ina kallon ta ina murmushi.

Zinatu: Da gaske ya faɗi?

Bara'u: Ya faɗi mana, ga shi nan duk sawun takalmi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi rubutu mai tsawo, ya kai layi goma. Na ce a raina, rubuta, 'yar nan, yau kin gamu da ɗan Kwari.

Zinatu: Sai kuma me?

Bara'u: Daga nan ma hira ta koma. Ta ciro kwafin takarduna, ta jarrabawar Turanci da ta Life in the UK, ta ajiye a tebur. Wai yaushe na zauna, a wane gini, mace ce ta yi min tambayoyi ko namiji, a kan me muka yi magana.

Zinatu: Ka ce me?

Bara'u: To ai ba zan zuba bayani tiryan-tiryan ba, sai in ɓata wasan. Na ce na manta, abin ya daɗe. Na ce abokina Elnathan ne ya yi min booking, shi ya kai ni, shi ya san komai.

Zinatu: Ka ce mata haka.

Bara'u: Gaskiya ce ai! Shi ya kai ni a motarsa, ya jira ni a waje yana cin gyaɗa. Sai ta rubuta sunansa, har ta ce a bi mata harafi-harafi. Ta miƙo min wata takarda ta ce in karanta layin farko da ƙarfi. Yaya, nan ne na ƙure fasaha. Na karɓa, na juya ta kai a ƙasa, na ƙura mata ido ina motsa leɓe. Don kawai in ga fuskar Malam Gamaliel. Wallahi da kin ga yadda ya runtse ido! Da aka gama ta ce wa wani da ya leƙo za ta miƙa file ɗina ga wani sashe. Na ji da kunnena, ba ta san ina ji ba. Kin ga an wuce da ni gaba ke nan, manya za su sa hannu.

Bara'u: Hello? Yaya? Layin ne?

Zinatu: Ina nan. Fitowa na yi daga shagon.

Bara'u: Ba ki yi dariya ba.

Zinatu: Bara'u, zan tambaye ka abu, ka amsa min a daƙiƙa biyu irin na kowa. Kafin a ba mutum zaman dindindin ta hanyar aure, wace takarda ce dole ya kawo?

Bara'u: Da yawa. Ta aure, ta aiki, ta gida...

Zinatu: Wadda ta ajiye a tebur.

Bara'u: Ta Turanci.

Zinatu: Me takardar take cewa?

Bara'u: Cewa na ci jarrabawa. Ina ji, ina mayarwa.

Zinatu: Kai kuma yau ka shafe awa guda kana nuna mata me?

Bara'u: Ai wannan... wannan dabara ce ta ɗaki. Daban take da takarda.

Zinatu: Ga mutum bai san take a seat ba. Ga takarda da hotonsa ta ce ya ci jarrabawar magana da Turanci bara. Ga sunan abokin da ya yi booking, ya kai shi, ya san komai. In kai ne Chloe, wa ya zauna jarrabawar?

Bara'u: Ni mana!

Zinatu: Ni ka gaya wa.

Bara'u: Wallahi ni na zauna, Yaya! Kin fi kowa sani! Life in the UK sau uku ina faɗuwa kafin in ci. Wata huɗu ina haddace sarakunansu a cikin tram, har da mai mata shidan nan da wadda aka sare wa kai, mutane na kallona kamar mai sabon hauka. Ranar ta Turanci kuwa, minti goma na yi ina ba matar labarin yadda ake gane atamfa ta gaske da ta jabu, har ta ce za ta gwada. Ni ne! Babu wanda ya shiga ɗakin nan sai ni!

Zinatu: Na sani.

Bara'u: Tunda aka haife ni, ita ce takarda ta farko da aka rubuta sunana aka sa pass a ƙasa. Firam na saya mata. Tana rataye a falo, saman ta digirin Shifa.

Zinatu: Na gani da na zo. Na ce na sani. Sashen da ka ji za a miƙa file ɗinka, ba na sa hannu ba ne. Na masu binciken takardun jabu ne.

Bara'u: A'a. A'a, ba haka fuskarta ta nuna ba.

Zinatu: Ka kuma jawo wa Elnathan, yana zaman zamansa. Shi a kan wace biza yake?

Bara'u: Ta aiki.

Zinatu: Madalla.

Bara'u: Yaya, ki daina cewa madalla da wannan muryar.

Zinatu: Akwai saura. Ta tambaye ka da wane yare kuke magana a gida?

Bara'u: Ta tambaya.

Zinatu: Ka ce?

Bara'u: To me zan ce? Hausa.

Zinatu: Da Shifa.

Bara'u: E.

Zinatu: Shifar da aka haifa a Manchester, wadda Hausarta ba ta wuce ina kwana, na ƙoshi, da bari mana ba. Wadda in Umma ta kira, kai kake tsayawa a tsakani kana fassara musu.

Bara'u: Ta ƙaru fa. Yanzu tana cewa sannu da aiki.

Zinatu: An kira ku ne don a gane ko auren gaske ne. Miji ba ya jin Turanci, mata ba ta jin Hausa, shekara biyar. Da me kuka yi faɗan tukunyar, da hannu?

Bara'u: Innalillahi.

Zinatu: Tana ina yanzu?

Bara'u: Tana ciki. Ina fitowa aka shigar da ita, ko magana ba a bari mun yi ba. Ta ɗaga min babban yatsa ma, na ɗaga mata.

Zinatu: Minti nawa?

Bara'u: Kusan arba'in.

Zinatu: To an riga an tambaye ta.

Bara'u: Tsaya, tsaya. Akwai hanya. Bari in tura mata text, ta ce Hausa muke yi, ta ce...

Zinatu: Wayarta na loka. Kai ka faɗa.

Bara'u: To in ce tsoro ne ya kama ni. Ana yi ai! Mutum ya firgita, yare ya gudu. Akwai wani ɗan Sudan a warehouse, ranar da motar ɗaga kaya ta taka shi da Larabci kawai ya yi ta ihu.

Zinatu: Kwana nawa da ka danna akwatin tafinta?

Bara'u: Sati uku.

Zinatu: Sati uku kana firgice.

Bara'u: To kunne! In ce kunnena ne ya toshe. GP zai ba ni takarda, na san yadda zan yi masa.

Zinatu: Kunnen da ya toshe wa Chloe ya buɗe wa Gamaliel.

Bara'u: Shi ke nan, Malam Gamaliel ɗin zan tara. Ɗan gida ne, Arewa ɗaya. In ce Baba ka rufa min asiri, ka ce mata Hausar tawa ce ta... ai shi ma ya so ni. Da zan fito har ya yi min magana a ƙofa.

Zinatu: Ya ce me?

Bara'u: Ya ce, ɗana, ni aikina in faɗi abin da ka faɗa ne, ba ƙari ba ragi. Amma ka riƙa jira in gama fassara kafin ka gyaɗa kai.

Zinatu: Ka ɗauki wannan a matsayin so.

Bara'u: Na ɗauka yaba min yake.

Zinatu: Kada ka je kusa da dattijon nan. Ka taɓa aikinsa sau ɗaya, ya isa.

Bara'u: To ya zan yi? Yaya, me zai faru? Ki faɗa min kai tsaye.

Zinatu: Ni ba lauya ba ce, hoton ƙashi nake ɗauka a asibiti. Abin da na sani, in suka rubuta cewa ka yaudare su, ba dindindin kaɗai za ka rasa ba, bizar da kake kai ma sai ta girgiza. Aikin warehouse ya tafi. Kana iya samun kanka a gida Gwammaja, Shifa na nan, kuna gaisawa ta bidiyo.

Bara'u: A kan wasa?

Zinatu: Su ba su san Alhaji Junaidu ba.

Bara'u: Amma fa duk amsoshina daidai ne. Labule, gado, shara. Ko ɗaya! Ki nuna min wanda zai ci tambaya talatin da ɗaya ba kuskure.

Zinatu: Har yanzu kana yabon kanka.

Bara'u: Ba yabo ba ne, lissafi nake. Yaya, don Allah abu ɗaya. Kada Dakta ya ji. Kin san tun farko bai so ba, ya ce 'yarsa mai digiri biyu ba za ta auri wanda bai gama sakandare ba. Sai bara da na nuna masa takardar nan ya fara ce min Malam Bara'u.

Zinatu: Na sani. Ni na zauna a falonsa na ce masa, ƙanina ne, wasa ya yi masa yawa, amma ba ya ƙarya a babban abu. Da bakina.

Bara'u: Ai ban yi ƙarya ba. Shiru na yi.

Zinatu: Ka juya takarda kai a ƙasa.

Bara'u: Wannan kam na yi.

Zinatu: Ga abin da za ka yi. Ka koma ciki yanzu, kafin su fito. Ka je wajen mai gadin ƙofa, ka ce masa da Turanci kana son ganin matar da ta yi maka interview, akwai abin da za ka gyara. Ka faɗa mata komai, har Kwari. Ka ce ta gwada ka a take, ta ba ka jarida ka karanta. Daga nan ku nemi lauya yau ɗin nan.

Bara'u: In ce mata ni wawa ne ke nan.

Zinatu: Da wawa da ɗan damfara, zaɓi wanda za a rubuta.

Bara'u: Mai gadin ma fa na yi masa. Da ya ce in cire bel, sai da ya kwatanta da nasa.

Zinatu: Bara'u, ka taka ka shiga.

Bara'u: Bari in ɗan yi tunani. Minti biyar. In na shiga da tsari, zan iya juya abin ya zama kamar gwada su nake, in ga ko tafintansu na aiki da kyau. Kamar wani mai sa ido. Har godiya za su...

Zinatu: Ka ji kanka kuwa?

Bara'u: Yaya.

Zinatu: Na'am.

Bara'u: Ƙofa ta buɗe. Ga Shifa nan.

Zinatu: Ita kaɗai?

Bara'u: A'a. Chloe na bayanta. Da Malam Gamaliel, ya rungume jakarsa. Nan suka nufo.

Zinatu: Ya fuskarta?

Bara'u: Ba ta kallona. Motocin da ke bayana take kallo. Yaya, in katse?

Zinatu: Kada ka katse. Sauke wayar daga kunne, ka tsaya sosai.

Bara'u: Chloe na magana. Da ni take, kai tsaye, ba ta ko juya wajen Baba ba.

Zinatu: Me ta ce?

Bara'u: Ta ce... ta ce matata ta shaida mata Turanci muke yi a gida, wai ni nake faɗa da council a waya in an ƙi kwashe shara. Ta ce amsar ɗayanmu ba gaskiya ba ce, kuma dukkanmu mun sa hannu. Tana so ta san ta wa za ta rubuta. Wai in amsa da yaren da na ga dama.

Zinatu: In ka yi shiru, Shifa ce maƙaryaciya. Da lasisin kemis ɗinta da komai.

Bara'u: Na gane.

Zinatu: To amsa mata.

Bara'u: Yes, madam. I understand. I understood everything, from good morning. My wife told you the truth. It's me. The certificate is mine, I swear, I sat it myself, I can... yes. Yes, madam. Now? Okay. Shifa, tsaya, wayar... Shifa, bari mana...

Shifa: Anti Zinatu? It's Shifa. Ina wuni.

Zinatu: Lafiya lau, Shifa. Ki yi haƙuri, don Allah ki...

Shifa: He's going back in. No interpreter. She says it might not fix it, she's promising nothing.

Zinatu: Na ji. Ki saurare ni, 'yar uwa...

Shifa: And after that we're driving to my dad's, and he's telling him. Himself. Da Hausa, since that's all he's got.

Bara'u: Yaya! Yaya, ki riga mu kiran Dakta, ki ce masa...

Zinatu: Hello? Shifa? Bara'u?

Zinatu: To.